Ku Tambaya Mu Amsa: Tallafin Karatu a Ƙasashen Waje da Amfanin Bin Labarai

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato neman tallafin karatu a waje. Mun zaɓi guda shida waɗanda amsarsu za ta yi wa sauran masu tambaya amfani.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digiri a fannin noma da maki 3.62, yanzu ina bautar ƙasa, saura wata huɗu in fita. Kullum sai an turo sanarwar sikolashif a WhatsApp, har na rasa ta gaske da ta bogi. Ta ina zan fara?
Daga mai yi wa ƙasa hidima, Dutse

Amsa: Wa alaikumus salam. Makinka ya ba ka daraja ta 2:1, tunda a ma'aunin maki biyar tana farawa ne daga 3.50 zuwa 4.49, kuma ita ce mafi yawan masu ba da tallafin digiri na biyu suke nema. To ka cire damuwa ta wannan ɓangaren. Abin da ya rage shi ne ka san lokacin kowanne, ka kuma san wanda ka cancanta a bana da wanda sai baɗi ko baɗin baɗaɗa.

Mu fara da Chevening na gwamnatin Birtaniya, tunda shi ne ya fi suna. Digiri na biyu ne na shekara ɗaya, ana buɗe shi a watan Agusta a rufe cikin Oktoba ko farkon Nuwamba. Sharaɗinsa mai kayar da mutane shi ne ƙwarewar aiki ta shekara biyu, wadda suka ƙididdige da awa 2,800. Lissafin kuwa shi ne awa 35 a mako, mako 40 a shekara, sau biyu. Shekarar bautar ƙasa ita kaɗai ba za ta cika wannan adadi ba, saboda haka bana ba naka ba ne. Amma suna karɓar aikin sa-kai da na wucin gadi, ko da ba a biya ka ba, don haka tun yanzu ka riƙa rubuta inda ka yi aiki, daga wace rana zuwa wace rana, awa nawa a mako, ka kuma karɓi takardar shaida kafin ka bar wurin. Tallafin DAAD na Jamus na kwasa-kwasan da suka shafi raya ƙasa, wanda noma yake ciki, shi ma shekara biyu na aiki yake nema.

Waɗanda za ka iya shiga da zarar ka karɓi takardar bautar ƙasa guda uku ne. Akwai Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, inda ake karatu a ƙasashe aƙalla biyu, ana ba da Yuro 1,400 a wata, kuma yawancin kwasa-kwasansa tsakanin Oktoba da Janairu ake nema. Kowane kwas yana da shafinsa da ranar rufewarsa, ba fom ɗaya ba ne. Akwai na gwamnatin Turkiyya, daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, wanda ke neman mai digiri na biyu ya kasance ƙasa da shekara 30, kuma dole ne a yi shekara guda ana koyon Turkanci. Sai Commonwealth Shared, wanda ake cika fom biyu: ɗaya a hukumar tallafin, ɗaya a jami'ar Birtaniya da ke cikin shirin. Da yawa suna cika ɗaya su manta ɗayan, shi ke nan an jefar da su tun ba a karanta rubutunsu ba.

Idan wani ya ce maka ka jira tallafin nan na yarjejeniya tsakanin Nijeriya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari, wanda ake kira BEA, ka sani Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a 2025 cewa ta daina tura sababbin ɗalibai a ƙarƙashinsa. Na PTDF kuma, wato asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur, na masu fannin man fetur da iskar gas ne da dangoginsu, ba naka ba ne sai in bincikenka ya shafi muhalli a wannan harka.

Aikin da ke gabanka a wannan makon ba cika fom ba ne. Ka nemi cikakkiyar takardar sakamakonka ta shekara-shekara, wadda ake kira taranskirif, daga jami'arku. Ita ce ta fi komai ɗaukar lokaci, takan yi makonni, wani lokaci watanni, musamman idan sakamakon wani zango ya ɓace tsakanin sashe da ofishin jarrabawa ko aka shiga yajin aiki. Ka yi fasfo. Ka je wurin malamanka biyu da suka san ka da gaske, ɗaya ya kasance wanda ya duba aikin bincikenka na ƙarshe, ka roƙe su su zama masu ba da shaida a kanka, ka kuma karɓi adireshin imel ɗinsu na jami'a. Farfesan da bai san fuskarka ba, wasiƙarsa layi huɗu ce, ba ta kai ta ƙaramin malamin da zai iya faɗin abin da ka yi a gonar gwaji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: A takardar WAEC sunana Mohammed Sani ne, a digiri Muhammad Sani Abdullahi, a katin ɗan ƙasa kuma Muhammed Abdullahi Sani. Ranar haihuwata ma ta bambanta a wuri ɗaya. Wannan zai hana ni samun gurbi?
Daga wani ɗalibi, Birnin Kebbi

Amsa: Zai iya, kuma wannan matsala ta fi damun mutanenmu fiye da kowa, saboda yadda muke rubuta suna ɗaya ta hanya huɗu, da al'adar sa sunan gari ko na kaka a wata takarda a cire a wata. Ma'aikacin da ke duba takardunka a Ankara ko Barlin bai san Mohammed da Muhammad mutum ɗaya ne ba. Abin da ya gani shi ne takardu uku na mutum uku.

Ka tsayar da suna ɗaya, wanda zai zauna a fasfo, domin fasfo shi ne uban takardu a wannan harka. Shi kuma fasfo daga bayanan lambar NIN yake ɗauka, saboda haka gyara daga ofishin hukumar katin ɗan ƙasa yake farawa, ba daga ofishin shige da fice ba. Idan ka je yin fasfo alhali bayanan ba su yi daidai ba, takardarka za ta maƙale. Bayan nan ka je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa da ke cewa duk waɗannan sunaye naka ne, a jera su ɗaya bayan ɗaya yadda suke a kowace takarda, harafi da harafi. Ka buga sanarwa a jaridar da ake sayarwa a faɗin ƙasa, ka ajiye shafin gaba ɗaya yadda sunan jaridar da kwanan wata za su fito, kada ka yanke ɗan akwatin da sunanka yake kawai. Duk inda za ka ɗora takardar da ke da tsohon suna, ka haɗa ta da takardar rantsuwar a fayil ɗaya.

Ranar haihuwa ta fi suna tsanani, domin tallafi da yawa suna da iyakar shekaru, kuma bambanci a nan kan sa a yi zaton an rage shekaru ne da gangan. Ka karɓi takardar shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ka sa duk abin da za a iya gyarawa ya bi ta. A fom kuma, abin da ke cikin fasfo za ka rubuta, ko da a gida ba haka ake kiranka ba.

Abu ɗaya da ake mantawa: wasu ƙasashen suna son a tantance takardun makaranta kafin a ba da biza. Tsarin shi ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buga hatimi, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Duk a Abuja ne, kuma ba a tsallake ɗaya a je na gaba.

Tambaya: Ni mahaifi ne. Wani ejan ya ce ya samar wa ɗana sikolashif a Sayifurus don ya karanta aikin likita, amma sai na biya kuɗin fom da na riƙe gurbi cikin kwana biyar, in ba haka ba a ba wani. Ya nuna min takarda mai tambarin jami'a. In biya?
Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano

Amsa: Alhaji, kada ka biya. Tallafin gwamnatoci irin na Turkiyya, Birtaniya, Japan ko Saudiyya, ba a biyan ko kwabo wajen neman su, kuma babu ejan da ke da kaso a ciki. Wa'adin kwana biyar ɗin nan kuwa, an sa shi ne don kada ka sami lokacin tambaya.

Sannan akwai wasa da kalma a nan. Jami'o'in kuɗi da yawa, musamman a arewacin Sayifurus, abin da suke kira sikolashif rangwame ne, a ce an yafe rabin kuɗin makaranta. Ragowar rabin, da haya, da abinci, da kuɗin takardar zama, duk a wuyanka suke, kuma da Yuro ko Dala za ka biya har shekara shida. Arewacin tsibirin nan Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a can, kuma hukumar da ke kula da 'yan Nijeriya mazauna waje ta sha gargaɗin iyaye game da tura 'ya'yansu wurin.

Tambari a takarda ba hujja ba ne, yaro mai kwamfuta zai haɗa shi kafin ka gama shan shayi. Ka sa ɗanka ya shiga shafin jami'ar da kansa, ya ɗauki adireshin ofishin ɗaliban waje daga can, ba daga takardar ejan ba, ya tura musu hoton takardar ya tambaya: ku kuka ba da wannan, kuma nawa ne cikakken kuɗin shekara? Tunda likitanci ne, ka bincika a Hukumar Likitoci ta Nijeriya ko tana amincewa da makarantar, domin duk wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarrabawarta kafin ya taɓa mara lafiya a nan. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah a can ma abin ya shafe su.

Tambaya: An ce wai mai neman tallafi sai ya riƙa bin labaran yau da kullum. Ni injiniyan ruwa nake son zama, ban ga abin da ya haɗa ni da siyasa ba. Kuma ko na saurari labarai, kafin mako na manta.
Daga wata ɗaliba, Maiduguri

Amsa: 'Yata, labarai iri biyu ne suka shafe ki, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko labarin ƙasar da kike son zuwa, domin dokokinta suna canjawa tsakanin ranar da kika cika fom da ranar tafiya. A Janairun 2024 Kanada ta ƙayyade yawan ɗaliban waje da za ta karɓa, ta kuma ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna yana da shi daga Dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635. Jamus ta kai kuɗin da ɗalibi zai ajiye a asusun banki na kulle kafin a ba shi biza zuwa Yuro 11,904 a shekara daga Satumban 2024. Da aka saki darajar Naira a Yunin 2023, iyalai da suka yi lissafin kuɗin makaranta da tsohon farashi sun wayi gari abin da ke hannunsu ba zai isa ba. Ɗaliban da ke Khartoum a 15 ga Afrilun 2023, da waɗanda ke Yukiren a Fabrairun 2022, sun bar karatu a tsakiya. Wanda ke bin labarai ba zai hana yaƙi ba, amma zai san kada ya bar asalin takardunsa a hannun makaranta ba tare da kwafi ba, zai kuma nemi ƙasa biyu ko uku a lokaci ɗaya.

Na biyu labarin fanninki a gida, kuma shi ne ke ci ko kayar da mutum a rubutu da intabiyu. Masu ba da tallafi ba sadaka suke yi ba, mutumin da zai koma ya gyara wani abu suke nema. A ce an zaunar da ke gaban mutum uku, ɗaya ya ce me za ki yi idan kin dawo. Amsar da suke ji sau ɗari a rana ita ce, "Zan dawo in taimaki ƙasata da ilimin da na samu." Wannan ba ta da maki. Ke kuwa 'yar Maiduguri ce, kin ga abin da ya faru a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gari. Idan kika ce matsalar da kike son ki yi aiki a kanta ita ce duba lafiyar tsofaffin madatsun ruwa da tsarin gargaɗin mutane kafin ambaliya, kika faɗi hukumar da ke kula da madatsar, kika nuna darasin da ke cikin kwas ɗin da kika zaɓa wanda ya taɓa wannan, to kin bambanta da sauran. Wannan amsa ba a haddace ta a daren intabiyu, sai wanda ya bi labarin tun daga fashewar har zuwa maganar gyara.

Maganin mantuwa kuma littafi ne. Ki sayi na rubutu mai kauri, ki ware minti talatin a rana. Da safe ki saurari labarai da Hausa, BBC ko DW ko RFI ko gidan rediyon garinku, don ki fahimci abin da ya faru ba tare da wahalar harshe ba. Sannan ki nemi labari ɗaya tak daga cikinsu a jaridar Turanci, irin su Daily Trust ko Premium Times, ki karanta shi da babbar murya. Ki rubuta layi uku: me ya faru, me ya jawo shi, ina ya taɓa fannina. Misali, cire tallafin man fetur a 29 ga Mayun 2023 labarin siyasa ne a ido, amma a layi na uku za ki rubuta cewa ya tsadar da ban ruwa da injin fetur a fadamu, shi ya sa masu noman rani suka fara komawa injin hasken rana da na gas. A gefen shafi ki jera sababbin kalmomin Turanci biyar. Ranar Juma'a ko Asabar ki koma ki karanta na makon, ki ɗauki ɗaya ki yi wa ƙawarki bayaninsa da Turanci na minti biyu. Kin jefi tsuntsu biyu ke nan, tunda sashen magana na IELTS, jarrabawar gwada Turanci, ma akwai inda za a ba ki batu ki yi magana a kansa har minti biyu.

Kada ki ɓata lokaci wajen haddace sunayen ministoci da manyan biranen duniya, wannan na gasar kacici-kacici ne. Abin da ya kamata ki sani da kyau shi ne muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda aka amince da su a 2015 da wa'adin 2030, domin fom da yawa suna tambayar wanne aikinki ya shafa. Naki shi ne na shida, ruwa mai tsafta da tsaftar muhalli. Duk labarin biza ko na tallafi da kika gani a Facebook ko TikTok kuma, kada ki yi aiki da shi sai kin gan shi a shafin ofishin jakadanci ko na masu ba da tallafin.

Tambaya: Na ci bakaloriya bana, wato jarrabawar gama sakandare, ina da Larabci da Faransanci amma Turancina kaɗan ne. Ina son Madina, ko wata ƙasar Larabawa.
Daga wani ɗalibi, Maraɗi

Amsa: Hanyoyinka biyu ne, ka bi su tare. Guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bai wa Nijar ta hannun ANAB, hukumar tallafin karatu ta ƙasar da ke Yamai, suke bi, ana tantancewa da makin bakaloriya, kuma wa'adinsu gajere ne bayan fitowar sakamako. Ka tanadi takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, da kwafin sakamako da aka buga wa hatimi tun kafin sanarwa ta fito. A fannonin kimiyya a Maroko Faransancinka ne zai yi maka aiki.

Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, yanzu ta shafin gwamnatin Saudiyya na Study in Saudi ake nema. Mai neman digiri na farko ya kasance tsakanin shekara 17 zuwa 25, kuma takardar sakandarensa kada ta wuce shekara biyar da fitowa. Ana buƙatar fasfo, fassarar takardu zuwa Larabci daga mai fassara da aka amince da shi, takardar lafiya, da tazkiya, wato wasiƙar shaidar halin kirki, daga malami ko cibiyar da aka sani. Wanda Larabcinsa bai yi ƙarfi ba akan fara sa shi a cibiyar koyon harshe. Amsa takan yi jinkiri sosai, saboda haka ka yi rajista a jami'ar gida, ta Maraɗi ko ta Yamai ko ta Say, ka ci gaba da karatu kana jira. Idan Faransa ta taɓa zo maka a rai, ka tuna ofishin jakadancinta a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024.

Tambaya: Ina da aure da yara biyu. Idan na samu tallafi zuwa Ingila, zan iya tafiya da maigidana da yaran? Kuma dole ne in yi IELTS alhali da Turanci na yi digiri?
Daga wata malamar makaranta, Zariya

Amsa: Malama, tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na aji tafiya da iyali. An bar ƙofa ga masu digirin bincike, irin digiri na uku, da waɗanda gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu. Amma izini daban, kuɗi daban: Chevening ba ya biyan ko sisi na iyali, kuɗin wata na mutum ɗaya ne, kuma bizar kowane mutum da kuɗin asibitinsa da hujjar abin da zai ci daga aljihunku za su fito. Ɗakin ɗalibi ba ya ɗaukar mutum huɗu. Ku zauna da maigida da iyaye ku yi wannan lissafi kafin ki cika fom, kada sai takarda ta fito a fara jayayya.

Game da IELTS, jami'a ce ke yanke hukunci. Wasu jami'o'in Birtaniya suna karɓar C6 ko sama a Turancin WAEC, wasu a Turai suna karɓar wasiƙa daga jami'arki cewa da Turanci aka koyar da ke, wasu kuma ba sa karɓar komai sai jarrabawar, yawanci maki 6.5 ba tare da wani sashe ya gaza 6.0 ba. Ki rubuta wa kowace jami'a ki tambaya kafin ki kashe kuɗi. Idan ya zama dole, ki sani sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu, don haka kada ki yi ta da wuri fiye da kima. Sashen rubutu shi ne ya fi kayar da mutanenmu: minti 60 ne, aiki biyu, na farko kalma 150, na biyu 250, kuma na biyun ya ninka na farko a maki. Ki ba shi minti 40, ki riƙa gwaji da agogo a gabanki. Gwajin tarin fuka da ake nema kafin bizar Birtaniya kuma a asibitocin da suka amince da su kawai ake yi, takardarsa wata shida take yi, saboda haka sai gurbi ya tabbata za ki je.